Ranar da Baba Ya Yi Alƙalancin Ƙwallon Kwando

Na san an ce yabon kai jahilci ne. To, a saka ni cikin jahilai, amma shekarar da nake ajin ƙarshe na firamare babu yaron da ya kama ƙafata a ƙwallon kwando duk faɗin Potiskum. Ba kuma wani abin a kira maroƙa ba ne, tunda duk garin zoben wasan biyu ne kacal, su ma wani maƙeri na bayan kasuwa ne ya lanƙwasa su, ɗaya ya fi ɗaya faɗi.

Baturen makarantarmu ne ya kawo mana wasan. Lokacin Turawa suna nan daram, ko da yake an fara raɗe-raɗin sun kusa naɗe tabarmarsu. Dogon mutum ne, ja wur, mai ƙaton gajeren wando wanda mutum biyu za su shiga su yi hira a ciki. Ya zo da ƙwallo ɗaya da famfo da usur, ya sa aka kafa azara biyu a filin bayan aji, aka buga musu allo, aka maƙala zobban nan. Ya iya Hausa, irin ta littafi, har karin magana yake jefawa inda ba a gayyace ta ba. Tunda ya haddace gaisuwar safe da ta gajiya da ta iyali, sai ya ɗauka ya gama sanin mu ciki da bai.

Ni kuwa Allah ya ba ni tsawo, ya hana ni lissafi. Jarrabawar wucewa gaba da aka yi ta kayar da ni ƙasa warwas, ba ko tausayi. Abin da ya rage mini shi ne in gama shekara in koma ƙauyenmu Danchuwa, inda fartanya take jirana a bayan rumbu. Ba na raina noma, shi ya ciyar da ni, amma wanda ya ɗanɗana zaman benci da wandon kaki ya san abin da nake nufi. Ana cikin haka Bature ya tara mu ya ce za a yi babban wasa ranar rufe makaranta, kuma yaron da ya fi kowa iyawa a wasan za a tura shi Maiduguri a koya masa aikin malamin wasanni, ya dawo ya kama aiki. Yaro ɗaya tak. Da na ji haka sai na ce, alhamdulillahi, ashe akwai ƙofar da aka yanka daidai tsawona.

Na je na gaya wa Goggo. Ta saurare ni tana tankaɗe, sannan ta tambaye ni yadda ake wasan. Na yi mata bayani dalla-dalla.

"Tsaya, ɗan nan," in ji ta. "Kwandon ba shi da gindi?"

"Ba shi da shi, Goggo."

"Ka jefa ta sama, ta faɗo ta ƙasa, ka sake ɗauka ka jefa?"

"Haka ne."

"Kuma a kan wannan za a ba mutum aiki? Kai, Nasara bai rasa abin yi ba. To, Allah ya ba da sa'a, ya fi dai zaman banza."

Dole a nan in faɗi dalilin da ya sa Goggo na kai wa labari ba iyayena ba. Ni ɗan fari ne. Wanda ya tashi a irin gidajenmu na wancan zamani ya riga ya gane, wanda bai sani ba kuwa bari in gaya masa. Uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa, ba ya ma nuna ya san da zamansa a duniya in da mutane a wurin. Kunya ce, kuma da ita ake auna cikar mutum. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Goggo, yayar Baba, a Danchuwa, a hannunta na tashi. Baba yana cikin gari, dillali ne a kasuwar shanu, an san shi da gaskiya har Fulani suna barin masa garke su tafi. Mutum ne da zai hangi sa daga nesa ya gaya maka shekarunsa da ciwon da ya yi bara, amma in na durƙusa a zaure na gaishe shi, bango yake amsa wa. In ta kama dole ya ambace ni, "wancan yaron" ne sunana. Ƙannena kuwa suna ɗare cinyarsa suna jan gemunsa, yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya kamar mai lasar zuma. Ban taɓa cewa komai ba, amma abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Ranar wasa hedimasta ya gayyato manyan gari. Aka jera musu bencina a inuwar bishiyoyin maina, wato dogon yaro. Akwai wani bulama, wato mai unguwa, akwai Alhaji mai yadi, Bakano da ya daɗe a garin yana da babban kanti, akwai wasu dattawa biyu ko uku, akwai wani tsoho tukuf da aka riƙo wa sanda. Sai ga Baba a cikinsu, ya sha farar riga. Gabana ya faɗi, amma kuma na ji daɗi. Na ce yau dai ko bai so ba zai ga abin da wancan yaron ya iya.

Da ma mun ɗauka Bature ne zai zaɓi gwani, tunda shi kaɗai ya san kan wasan. Ina! Ranar ce ya ga dama ya koya mana mulkin kai. Ya tsaya gaban dattawa ya yi dogon jawabi, wai lokaci ya kusa da za mu riƙe ƙasarmu da hannunmu, saboda haka gara mu fara da ƙananan abubuwa. Shi zai busa usur kawai, amma dattijo ɗaya ne zai faɗi yaron da ya fi, kuma abin da ya faɗa ya zauna, ko shi Bature ba zai tayar ba. Don kada a yi son kai, sai ya ce, "Duk mai ɗa a cikin 'yan wasan nan ya ɗaga hannu."

Alhaji mai yadi ya ɗaga nasa har hammata, don ɗansa na tsakiya yana cikinmu. Bulama ya ɗaga, jikansa ne. Sauran ma suka ɗaga, wannan ɗan ƙane, wancan ɗan auta. Hannun Baba kuwa yana cikin riga, ko motsi. To, yaya za a yi ya ɗaga? Ya miƙa hannu sama a gaban duk gari ya ce ga ɗan farina can, mai dogayen ƙafafu? Da ya yi haka, da kafin magariba labari ya kai kasuwar shanu cewa dillali ya zubar da girmansa a filin yara.

Saura mutum biyu ke nan marasa ɗa, wai. Tsohon nan da Baba. Tsoho ya ce shi a bar shi, idonsa ba ya wuce kan sandarsa. Bature ya juya ga Baba yana fara'a.

"Malam, kai ne alƙalinmu."

Babu wanda bai san ubana ne ba, daga dattawa har yaran unguwar Yindiski da suka ɗare katanga. Hedimasta ya buɗe baki, ya dubi Baba, ya mayar ya rufe, ya kama gyaran hularsa da ba ta karkace ba. Wa zai tashi ya tona dattijo a bainar jama'a? Baba ya yi ƙoƙarin zillewa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni shanu na sani." Bature ya yi dariya ya ce ai wanda ya san sa mai kyau zai san yaro mai kyau. Ka ji hikima. Aka jawo wa Baba kujera ita kaɗai aka ajiye a bakin fili, ya zauna kamar wanda aka kawo gaban shari'a.

Ni a wautata har murna nake yi. Na ce da ma gaskiya aka san shi da ita, ga shi an ɗaure shi da ita a gaban mutane. Gaba kura, baya sayaki, dole ya faɗi abin da ya gani.

Aka raba mu gida biyu, masu riga da marasa riga. Ina cikin marasa riga, ƙafa ba takalmi kamar kowa. Ɗan Alhaji mai yadi yana cikin masu riga, shi kaɗai ne mai farin kambas da aka kawo masa daga Kano, yana takawa a hankali don kada ya yi datti. Ba mugun yaro ba ne, kuma ya ɗan iya, ban hana shi ba. Yana da kyan miƙa ƙwallo, yana da tsabta. Amma zobe da shi sai gaisuwa daga nesa.

Bature ya busa usur, muka fara. Wallahi ranar ko ni na yi mamakin kaina. Duk inda na tsaya na saki ƙwallo sai ta faɗa, har a ƙaramin zoben nan da yake tofar da ƙwallon kowa. Na ƙwace a sama, na ƙwace a ƙasa. Wani ƙaton yaro Bakarkare, ɗan ƙabilar yankin, da aka sa ya tsare ni ya bi ni har ya gaji, ya koma riƙe mini wando, Bature ya busa masa usur har sau ba adadi. Yaran kan katanga suna ta ihu, "A ba dogon! A ba dogon!" Har bulama, wanda jikansa yake ɗaya gidan, na ji ya saki salati da na jefa wata daga tsakiyar fili.

Wannan ta tsakiyar filin ce ta sa na waiwaya in ga fuskar Baba. Kansa yana sunkuye, yana duban ƙasa tsakanin ƙafafunsa. Na ce ƙila wani abu ne ya faɗi. Aka ci gaba, ƙwallo ta koma hannun masu riga, na saci kallo, sai ga kansa a ɗage, yana bin yara da ido sosai, yadda yake bin shanu ranar kasuwa. Aka miƙo mini ƙwallo, kai ya koma ƙasa. Na ba wani, kai ya taso. Na karɓa, ya sauka. Tabɗi! Sai a lokacin na gane irin ramin da na faɗa. Gwargwadon yadda na riƙe ƙwallo, gwargwadon yadda alƙali yake nazarin tururuwa. Kuma tunda rabin wasan a hannuna take, mutumin nan ya fi sanin ƙasar filinmu a kan duk wanda ya taɓa share ta.

Haushi ya kama ni, na ƙara wuta. Na ce sai na yi abin da zai ɗaga kan nan ko da tsiya. Na yi tsalle, na yi juyi, na jefa da hagu, abin da Bature bai ma koya mana ba. Jama'a suna ta sowa. Alƙali yana nan yana jan carbi, ido a ƙasa. Aka busa usur na ƙarshe mun cinye su cin da ba kyan faɗa.

Bature ya jera mu a layi, muna haki, gumi yana zuba. Ya ce alƙali ya taso ya duba. Baba ya taso, ya saɓa hannun riga a kafaɗa, ya fara daga farkon layi, ya shiga aikin da ya sani.

"Wannan yana da ƙashi, amma ba numfashi," ya ce da na farko. "Wannan ɗan maraƙi ne tukuna, a ba shi shekara." Ya zo kan Bakarkaren da ya yi ta jan wandona, ya ce, "Wannan ƙarfi ne zalla, a kai shi huɗa." Mutane suka fashe da dariya, Bature har da tafi. Haka ya bi kowa, ya ba kowa haƙƙinsa, kuma in gaskiya za a bi bai yi kuskure a kan ko ɗaya ba. Da ya iso kaina sai ya ɗan karkata, ya wuce ni yadda mutum yake kauce wa kwata a hanya, ya tsaya kan na kusa da ni. Ƙamshin turarensa kawai na samu.

Ya gama, ya koma gaban ɗan Alhaji, ya ce, "Cikin waɗanda na gani, ranka ya daɗe, wannan ya fi natsuwa. Ba ya ɓarnar gudu. Shi ne."

Bature ya yi turus. Komai rashin saninsa da mu, ya iya ƙirga, kuma shi ya riƙe usur. Ya nuna ni da yatsa.

"Malam, wannan dogon fa? Shi ya zuba kusan duka."

Na ce to, ga ta nan, an kai shi bango. Kalma ɗaya ce, ba sai ya kira suna ba, ya ce "shi ne" kawai ya wuce gida.

Baba ya dubi wani wuri can bayan kafaɗar Bature, ya ce, "Ban gan shi ba, ranka ya daɗe."

Kuma abin takaicin, ba ƙarya ya yi ba. Daga bencin dattawa sai ka ji ana, "Madalla." "Mutum ke nan." "Ɗan halak, ya san kansa." Tsohon da ba ya gani ma yana gyaɗa kai, shi da alƙali ai kallo ɗaya suka yi. Bature ya dube su, ya ga duk manyan gari sun gamsu, sai ya ɗauka akwai wani zurfin ilimi da ya wuce shi. Ya ɗaga yatsa, fuskarsa cike da jin daɗin ya samu gurbin karin magana, ya ce, "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba!" Aka yi masa tafi. Ni dai ban taɓa jin inda aka yi wa karin magana fyaɗe irin na ranar ba. Babban da ya wuni yana kallon ƙasa, me ya hango?

Da aka watse, ɗan Alhaji ya zo ya same ni a bayan aji, kambas ɗinsa fari fat kamar bai buga wasa ba. Ya ce, "Wallahi kai ka fi ni, kowa ya sani." Na ce masa na gode, zan kai wa fartanya saƙo. Daga nan na nufi hedimasta, idona jawur, na ce ya je ya gaya wa Bature gaskiya. Ya dube ni ya ce, "In ce masa me? Mahaifinka ya zauna ya ɓoye ɗansa, ya yi hukuncin banza, a tayar da maganarsa bayan gari ya shaida? Ga ofishinsa can, ƙofa a buɗe. Je ka da bakinka ka ce masa mutumin nan ubanka ne." Na je har bakin ƙofar. Na tsaya ina jin ƙarar takardunsa. Bakina ya ƙi buɗuwa, ƙafata ta ƙi shiga, don ni ma a gidan aka haife ni. Na juya.

Ɗan Alhaji ya hau lori ya tafi Maiduguri da akwatin ƙarfe da guzurin dambun nama. Bai daɗe ba ya dawo, wai abincin can bai karɓe shi ba, ya shige kantin ubansa ya kama awon yadi, inda da ma can nan zai ƙare. Gurbin ya tafi a banza. Baba kuwa darajarsa ta ƙaru, har a kasuwar shanu ana ba da misali da shi, mutumin da ko don Bature bai yar da kunyarsa ba. Kowa ya samu abin da yake so. Ni na koma Danchuwa.

Na daina zuwa gaishe shi. Goggo ta yi faɗa, ta yi lallashi, na ce ai ba zai lura ba, tunda ba gani na yake yi ba. Ta ƙyale ni, amma na san ta. Ita kaɗai ce a duniya take ce masa "kai" ta nuna shi da yatsa, don ita ta goye shi.

Sai da damina ta sauka, muna noman farko, ran nan da hantsi na hango ta tafe da ƙwaryar fura a ka. Jiya ta je gari ta kwana. Ta sauke a gindin wata ƙirya, ta kira ni, ta zauna tana fifita da bakin mayafi.

"Na je na same shi," in ji ta. "Na kori yaran, na rufe ƙofa, na wanke shi tas. Na ce ka kashe wa yaro hanya don a ce maka madalla, to ga madalla nan, ka dafa ka ci."

"Sai ya ce me?"

"Sai ya yi ta kallon tabarma. Can ya ce, Yaya, idona ne a ƙasa, kunnena ba a ƙasa yake ba. Duk ihun da aka yi na ji, kuma na san wa ake yi wa. Babu na biyunsa a filin nan." Ta kurɓi fura ta miƙo mini. "Kuma da ya zo faɗa, ba wancan yaron ya ce ba. Sunanka ya kira. Da kunnena na ji, har sai da na waiga ko wani ne ya shigo."

Na ce, "To, Goggo, in yi yaya da shi? In shuka?"

"Ka yi duk abin da ka ga dama. Amma ranar Juma'a za ka je ka gaishe shi, kuma in ka kuskura ka nuna masa ka ji wannan magana, ni da kai ne."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi. Na koma kunyata na ɗauki fartanya, na yi sara biyu, na kasa. Na tsuguna cikin geron da bai kai gwiwa ba, ƙato da ni, ba abin da zai ɓoye ni, na yi kuka har da majina. Ihu ne bayan hari, na sani, bai mayar mini da Maiduguri ba, bai cire fartanya daga hannuna ba. Ina jin haushinsa a lokacin kamar in mutu. Amma abin da ya fi ba ni haushi, har yau da furfura ta cika mini kai, shi ne daɗin da na ji ya fi haushin yawa.